Minti Biyu a Malaka

Sau ɗaya na taɓa tsayawa gaban jama'a na yi magana, kuma a wannan tsayuwar na ɓata aurena da Asnimar tun ba a ɗaura shi ba. Ba wanda ya shiga tsakaninmu. Ba a yi mini ƙarya ba, ba a yi mata ba. Bakina ne, da ya shekara hamsin da ɗaya a rufe, ya zaɓi wata Asabar a ƙasar mutane ya buɗe.

Sunana Masril. Injin kwalekwalen masunta nake gyarawa a bakin kogi, nan Padang. A aji huɗu na bar makaranta, kuma ban yi nadama ba, don inji bai taɓa tambayata takarda ba. Matata ta fari, Yurni, ta rasu a girgizar ƙasar da aka yi shekara goma sha huɗu da suka wuce. Ba mu haihu ba. Wannan kowa ya sani a unguwa. Yadda ta rasu ne ban taɓa gaya wa kowa ba.

Asnimar malamar firamare ce, shekararta arba'in da uku, mijinta ya daɗe da sakinta ya tafi Batam. Injin jan ruwan gidansu ne ya haɗa mu. Na je gyara, ta tsaya a kaina tana zuba tun daga kwance shi har ɗaure shi. Da na gama ta kira ni Uda, yadda mata ke kiran wanda ya girme su a wajenmu, ta ce, "Uda, kai kurma ne, ko rowar magana gare ka?"

Na ce, "Ruwa ya zo."

Ta yi dariya har ta dafa bango. Bayan sati biyu injin ya sake tsayawa. Na duba na ga da hannu aka zare wayar. Na mayar, na zauna na ci shinkafar da ta zuba mini.

Shekara biyu muna haka. Abin da ya tsayar da mu shi ne Mamak Bustami, wan mahaifiyarta. Uwarta ta rasu, ita kaɗai ce mace a ɗakinsu, gidan gado yana hannunta, kuma duk wanda ta aura a can zai tare. A al'adarmu sai kawu ya yarda sannan danginta za su je su nemo miji a wurin nasa dangin. Shi kuwa Mamak Bustami shi ne mai jawabi a kowane biki na ƙauyensu. Yakan yi awa guda yana yi wa baƙi barka da zuwa, miya na hucewa a gabansu, ba mai iya miƙa hannu.

Ranar da ya fara ganina, ya tambaye ni abu uku, na ba shi amsa da kalma uku. Ya juya wajenta ya ce, "In na mutu, wannan ne zai tsaya wa gidan nan a taro? Ki auri turmi mana, shi ma yana aiki."

Sau biyu ta tara dangi a kaina. A na biyun ta yi kuka, ta ce ko ni ko ba kowa. Mamak ya gaji ya ce, "To. Ya tsaya gaban mutane ya yi magana ta minti biyu, in gani da idona a lokacin da yake yi, ba wadda aka yanke aka gyara ba. In ya iya, da ƙafata zan je nemo shi."

Ita dama tana cikin wata ƙungiya ta masu koyon magana a gaban jama'a. Duk sati biyu suna haɗuwa, mutum ya tashi ya yi jawabi, wani na riƙe da agogo. Duk garin da ta je, kafin ta nemi masauki sai ta nemi inda irin nasu ke taruwa. A watan nan ƙanwar uwarta, Etek Nurbaiti, za ta tsallaka teku zuwa Malaka, a ƙasar Malayu, a duba mata gwiwa, ana neman namiji mai ɗaukar kaya.

Asnimar ta ce, "A can ba wanda ya san ka, Uda. In ka yi kwaɓa, sai mu hau jirgi mu bar musu ita a ƙasarsu."

Ta rubuta mini jawabi a bayan takardar jarrabawar ɗalibanta, a kan yadda na koyi gyaran inji. Daga tashar jirgin ruwa ta Dumai har muka tsallake ruwa ina bitarsa, leɓena na motsi. Etek tana kallona tana ɓare gyaɗa, ta ce, "Da Alƙur'ani ka yi wa irin wannan haddar, da yanzu kai ke jan mu salla."

Ranar Juma'a aka gama da likita da wuri, sai Asnimar ta ce yawo. Ta sa doguwar riga ruwan toka da mayafi mai ɗigon rawaya, ta rataya jakar da ke cike da ruwa da maganin Etek. Muka ɗora Etek a keken nan da suke yi wa ado da furannin roba, kiɗa na tashi a bayansa, ita tana zagin mai tuƙin wai zai kayar da ita. Ni da Asnimar muna biye a ƙasa. Muka wuce jajayen gine-ginen da Turawa suka bari. Ta ce mu shiga ɗaya, na ce su shiga zan jira. Tun girgizar nan ba na shiga tsohon gini sai dole, in na shiga kuma ginshiƙi nake fara dubawa, in zauna kusa da ƙofa.

A kan tudu akwai wata tsohuwar majami'a da rufinta ya daɗe da tafiya, bango huɗu kawai da sama a buɗe. Wannan na yarda na shiga. An jingina manyan duwatsun kabari a jikin bangon. Asnimar ta tsaya gaban ɗaya tana ƙoƙarin karanta rubutun, ta yi shiru. Masu ɗaukar hoto sun fita. Iska ma ta tsaya. Sai na ji muryar Yurni, kamar kullum, ƙasa-ƙasa, daga ƙarƙashin ƙafata.

Uda, yi magana.

Na ce wa Asnimar, "Ci gaba da magana."

Ta waiwayo. "In ce me?"

"Komai."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi, ta gyara mayafi. Ta ɗauka so ne. Ta shiga ba ni labarin wadda ke kwance ƙarƙashin dutsen, ni kuma na daina jin muryar.

Asabar da safe saƙonta ya shigo daga ɗakin da suke ita da Etek.

"Uda ka tashi? Ka sa rigar batik mai ruwan ƙasa, ba shuɗiyar ba, wuyanta ya ci."

Na rubuta, "To."

"To kawai?"

"To na ji."

"Allah ya shirye ka. Ka ci abinci. Mamak ya ce ƙarfe uku zai zauna da waya, ya tara mutane a baranda."

Taron a saman wani shagon tayal ake yi, hawa ɗaya. Na ƙirga matakalar, sha bakwai. Mutum wajen ashirin ne a ɗakin, Malayu da 'yan Sin da Indiyawa, da harshen Malayu suke yi, wanda muke ji sarai. Wata Ba'indiya mai furfura, Puan Saroja, ita ke jan zaman. A gefe wani tsoho ɗan Sin yana zaune da agogo da ƙararrawa da kati uku. In ka cika minti ɗaya ya ɗaga kore, in ka ƙara rabi ya ɗaga rawaya, a minti biyu ya ɗaga ja. In ka zarce ya kaɗa ƙararrawa, a tafa maka har ka zauna.

A nan na gane baƙo ba ya zuwa da jawabinsa. Gwangwanin biskit ake miƙo maka, ka zaro takarda, abin da ke ciki a kai za ka yi magana nan take. Na kalli Asnimar. Ta matso ta raɗa mini, "Ba komai. Duk abin da aka tambaye ka, ka karkata shi zuwa inji."

Mutum uku suka yi nasu. Wani ya yi a kan kyanwarsa, aka yi ta dariya. Sai Puan Saroja ta ce, "Yau muna da baƙi daga tsallaken ruwa. Encik Masril, bismilla, kar ka ji tsoro, ba ma cizo sai an sha shayi."

Na tashi. Asnimar ta ɗaga waya, na hango fuskar Mamak ƙarama a ciki da baƙar hularsa. Na zaro takarda. Karatuna a hankali yake, Puan Saroja ta lura, ta karɓa ta karanta da ƙarfi kamar haka aka saba.

"Wace magana ce ka so ka faɗa, ba ka faɗa ba?"

Suka yi tsit suna jirana. Ku da kuke karanta wannan, ban san ko kun taɓa jin shirun mutum ashirin a ɗaki ɗaya ba. Na nemi inji a kaina na rasa. Takardar jarrabawar tana aljihuna, ko kalmar farko ban tuna ba. Abin da ke ɗakin kawai shi ne muryar nan, kuma wannan karon ba ƙasa-ƙasa ba.

Sai na amsa mata.

Na ce musu ranar Laraba ce, bayan la'asar. Yurni tana ɗinki a shagon wata mata, a ƙasan gini mai hawa uku. Ina bakin kogi ƙasa ta motsa. Na yi gudu ba takalmi. Da na isa, hawa ukun ya dawo tsawon ƙirjina. Na zaga ina kiran sunanta, sai ta amsa ta wata kafa da hannuna ma ba ya shiga. Ta ce bango ya danne mata ƙafa, ba ta ganin komai. Na kama tono da hannu da wani guntun ƙarfe.

Tsohon ya ɗaga koren kati. Na gan shi kamar daga nesa.

Na ce musu ba ruwa ta roƙa ba. Ba ta ce in kira kowa ba. Cewa take, "Uda, yi magana, in san kana nan." Ni kuma in ce, "Ina nan," in ci gaba da tono. Ta ce, "Ba haka ba, ka ba ni labari, duhun ya yi yawa." Shekara goma sha ɗaya muna tare, na duba cikina ban sami labari ko ɗaya ba. A ganina magana ɓata lokaci ce, kowane numfashi na dutse ne. Har tsawa na yi mata. Na ce, "Ki yi shiru in yi aiki."

Rawaya ya tashi, ja ya tashi. Ban tsaya ba.

Ta yi shirun. Can ta sake cewa, "Uda, yi magana," a hankali. Sau nawa ta faɗa ban ƙirga ba. Wajen magariba ta daina. Sai a rana ta uku motar tono ta ɗaga bangon, kuma masu aikin suka ce ko mutum hamsin ne da hannu ba su isa su ɗaga shi ba. Wato tonon da na yi bai amfane ta da komai ba. Abu ɗaya da nake da ikon ba ta, shi ta roƙa, shi na hana ta.

Na ga tsohon ya ɗauki ƙararrawa, ya dube ta, ya mayar ya ajiye, ya kife katunansa a kan tebur.

Da a nan na tsaya, da yanzu ina gidan Asnimar. Amma bakin da bai saba buɗewa ba bai san inda ake rufewa ba. Na manta da waya, na manta da wadda ke riƙe da ita. Na ce musu tun ranar, duk inda ya yi shiru ina jin Yurni. A wurin aiki ina barin inji a kunne ko na gama gyara shi. A ɗaki rediyo ba ya mutuwa. Na ce, "Sai Allah ya haɗa ni da wata mace mai surutu. In tana magana ba na jin Yurni. Rabin abin da take faɗa ban san shi ba, ba saurare nake ba, amma muddin bakinta na motsi ina samun lafiya. Shi ya sa nake so in aure ta."

Na zauna. Minti goma sha tara, in ji tsohon daga baya. Suka daɗe ba su tafa ba, sannan suka tafa a tsaye. Puan Saroja tana share ido da bakin mayafinta. Suka liƙa mini wani shuɗin ƙyalle a aljihu, na wanda ya fi kowa magana a ranar. Asnimar ta sauke wayar a hankali ta sa a jaka. Ta gaisa da kowa, ta yi godiya, har hoto ta tsaya aka yi. Ni ban ga komai a fuskarta ba, don ban iya duba ba.

Muka gangara bakin kogi, Etek ta ce gwiwarta na son hutu, muka zauna a wata rumfar masu sayar da cendol, ƙanƙara da madarar kwakwa. Wayar Asnimar ta yi ƙara. Ta duba ta miƙo mini. Saƙon Mamak ne.

"Shekara arba'in ina magana a taro ban taɓa sa baranda kuka ba. Mutumin nan ya iya. Ki gaya masa Lahadi ta sama muna zuwa gidan yayarsa."

Etek ta ce, "Alhamdu lillahi. Turmi ya yi magana."

Asnimar tana juya cokali a kwano, ƙanƙarar na narkewa. Ta ce, "Uda, aji nawa nake koyarwa?"

Na sunkuya ina kallon kwanona.

"Jiya a kan tudu, labarin wa na ba ka?"

"Na wata mata."

"Me ya same ta?"

Ban sani ba.

"Wace cuta ce ta kashe mahaifiyata? Sau uku na gaya maka. Na ukun ina kuka, kana ta gyaɗa kai."

Na dubi kwalekwalen masu yawon buɗe ido da ke wucewa. Injinsa na buƙatar a wanke masa matatar mai, daga ƙararsa na ji. Wannan na sani.

Ta ce, "Ashe rediyo ce ni."

"Ban ce haka ba."

"Ka ce. Kuma ba ka taɓa faɗin abu da kyau irin yau ba."

Etek ta buga cokali a tebur. "Ke, namiji mai saurare a ina kika taɓa ganinsa? Nawa shekara talatin ina yi masa magana, ya mutu bai san ba na cin jatan lande ba."

"Etek, naki ya san da wa yake faɗa." Ta juyo gare ni, muryarta ba ta tashi ba. "Abu ɗaya zan tambaye ka, Uda, kuma kar ka karkata shi zuwa inji. In na yi ciwo, ko raina ya ɓaci, na yi wata guda ban ce uffan ba a gidan, za ka iya zama kusa da ni?"

Na san amsar da ake so. Etek tana taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur da ƙafarta mai ciwon gwiwa. Amma ni ban taɓa ce wa mai kwalekwale injinsa zai kai shi teku ba alhali ban tabbata ba.

Na ce, "Ban sani ba."

Ta gyaɗa kai. Ta ce, "Allah ya ji ƙan Yurni. Da gaske nake. Na yi mata kuka ɗazu kafin in yi wa kaina." Ta tashi ta kama hannun Etek.

Washegari a jirgin ruwa ta zauna kusa da ni, don lambar kujerarmu ke nan. Awa biyu da rabi ba ta ce komai ba. Ba fushi take ba, har ruwa ta miƙo mini. Ni kuwa tun daga Malaka har Dumai Yurni na kirana, injin jirgin duk girmansa bai rufe ta ba. Sau biyu na buɗe baki in tambayi Asnimar wani abu, kowane abu, sai in ga ban san daga ina ake farawa ba.

Abin da ya biyo baya Etek ce ta zo har bakin kogi ta gaya mini, tana tsaye cikin baƙin mai da sandarta. Asabar, ana gobe za su zo gidan yayata, an riga an soya kayan da za a kai, Asnimar ta tara dangi karo na uku. Ta miƙe a tsakar gidan uwarta ta ce ta fasa. Mamak ya tambaye ta dalili, ta ce ba ta da abin da za ta faɗa a kaina, ni mutumin kirki ne. Ya ce shekara biyu ta hana shi barci, ta sa ya lashe maganarsa a gaban ƙauye, ya aika wa dangina rana, yanzu kuma ta mayar da shi abin dariya. Ya ce muddin yana raye ba zai sake zama a kan maganar aurenta ba, ko da wa ta zo.

Na ce wa Etek, "Ai duk sun ji abin da na faɗa a waya."

Ta ce, "Sun ji na matacciya. Na mai rai ba wanda ya lura, maza ne."

Na aika mata saƙo ɗaya: "Ki yafe mini." Ta amsa bayan kwana biyu: "Na yafe, Uda. Aji uku nake koyarwa."

Zaman ƙauyen ya gagare ta. Duk inda ta wuce ana nuna ta, wadda ta yi kuka a ba ta miji, da aka ba ta ta ƙi. Da hutun makaranta ya zo ta nemi a mayar da ita Siberut, tsibirin da malamai ke roƙon kar a kai su, inda in teku ya ɓaci sai a yi sati jirgi bai je ba. Nan da nan aka ba ta, don ba mai nema. Gonar shinkafar uwarta ta koma hannun 'yar Etek. Gidan kuwa, da tun kakar kakarta ba a taɓa kwana ba mace a cikinsa ba, Mamak ya sa an cire injin jan ruwan, an rufe tagogi da katako, an sa kwaɗo a ƙofa.